Tofin Tayoyin Gaba

Tun da na dawo daga Nijar 'yan majalisarmu ba su bar ni na huta ba. Kullum bayan la'asar sai wani ya gyara zama ya ce, "Malam Sani, wai da gaske makaho ne ya fitar maka da mota daga rairayi?" Na ba da labarin har na gaji, har aka fara ba ni shi da ƙari. Shekaranjiya wani ya rantse mini cewa ruwa ya tafi da motar sai a Sakkwato aka tsamo ta, alhali tana tsaye a bayansa. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Mahaifiyata, Inna Hajo, Bagobira ce, aure ne ya kawo ta Katsina. Garinsu wani ƙauye ne da ake kira Tsamiyar Baƙo, gaba da Gidan Rumji, a ƙetaren gulbi. A ɗakinsu su biyu suka rage, ita da ƙanenta Kawu Ilo, kuma rabonsu da juna shekara goma sha tara. Ita ƙafa ta hana ta, shi kuma ido ya tafi. Shekara shida ina yi mata alkawarin zan kai ta, kuma kowace shekara da dalilina mai kyau: yau an rufe iyaka, gobe mai ya yi tsada, jibi ga aikin gona. Ni tsohon malamin makaranta ne, dalili ba ya yi mini wuyar samu.

Gab da faɗuwar damina sai ga saƙon murya daga Rabi, 'yar Kawu da ke aure a Gazawa. Na kunna, sai na ji muryar tsohon da kansa: "Ka hwaɗa ma Hajo, in tana zuwa ta taho kahin gulbi shi kawo. Ni dai ban ga alamar ina cin sabon gero ba." Inna ta sa na maimaita mata sau uku. Da safe na tarar an ɗaure kayanta an ajiye a tsakiyar zaure, daidai inda sai na tsallaka su zan fita masallaci. Kwana biyu ina tsallakawa, a na uku kunya ta kama ni.

Maganar gulbi kuwa, ga yadda take. Da rani fili ne na rairayi, mota da amalanke suna ratsawa. Idan ruwa ya sauko daga kudu sai ya raba ƙauyen da hanya, sai dai mai ƙarfi ya ƙetare da iyo ko a jirgin kwale-kwale, Inna kuwa ko dokin ƙofa sai an riƙe ta take tsallakawa. In ba mu ƙetare kafin ruwa ba, sai bayan kaka, Kawu kuma ya riga ya faɗi abin da ya faɗa game da kaka.

Ban damu ba, don ina da jif. Na saye ta a gwanjon wata ma'aikatar gona lokacin da na yi ritaya, tsohuwa ce amma ƙashinta da ƙwari. Shekara uku ina hawanta daga gida zuwa kasuwa zuwa ɗaurin aure, ban taɓa sauke ta daga kwalta ba sai 'yar hanyar gonata. Akwai wata ƙaramar giya kusa da babbar, wadda aka ce mini in na ja ta babu inda motar ba za ta shiga ba. Iyakar ilimina ke nan, kuma ina ji da shi.

Ta Ɗankama muka bi, don mu ɗauki Rabi a Gazawa, ita ta san hanyar ƙauyen. A iyaka wani jandarma dogo ya karɓi takardunmu ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba hira. Ya zagaya motar ya dawo ya ce, "Alhaji, kat-kat ɗin ga taka ta?" Na ce ni dai jif na sani. Ya ce ita yake nufi. Sannan ya ce in nuna masa akwatin magani. A wajenmu in an tambayi irin wannan abu, nuna shi kawai ake yi daga nesa. Shi wannan sai ya ce in buɗe. Na buɗe, babu komai ciki sai sifana biyu da goron Inna a ƙunshe cikin algarara.

Na fara haɗa dalili ke nan sai Inna ta leƙo ta taga. Shekara sittin ina jin maganar matar nan, ban taɓa jin irin wadda ta yi a ranar ba. Harshenta ya juye gaba ɗaya ya koma na gidansu. "Ɗana, ƙanena za ni gani, shina kwance. Wanga da kaka gani da hurhura, ni na haihe shi, ban kuwa gama mishi hankali ba." Jandarman ya yi murmushi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mini in cika akwatin da zarar mun isa Gazawa. Na cika kuwa, don na ga alamar a ƙasar nan in an ce abu ana nufinsa.

Rabi abokiyar wasata ce, 'yar kawu da ɗan gwaggo, don haka tun kafin in kashe mota ta fara. "Sannu da zuwa mai alkawali. Shekara shidda daga Katsina, lallai motar ga tana da gudu." Ba ta jira amsa ba ta rungume Inna, suka yi kukansu suka share. Ba a tambaye mu gajiya ba sai da aka dire mana ƙwaryar fura, sannan dambu da zogale. Mijinta Malam Hamisu tela ne, mutum mai sanyin magana. Ya share mini shagonsa ya shimfiɗa katifa tsakanin keken ɗinki da buhunan ayar da Rabi ke sayarwa, na kwana ina shaƙar ƙamshin aya.

Kafin magariba muna zaune a ƙofar shago yana dafa shayi irin nasu, ɗan mitsitsin kofi mai ɗaci wanda sai an yi zagaye uku ake sallamar mutum. Nan na tayar da maganar da ta tsaya mini a rai tun iyaka. Na ce wane irin suna ne kat-kat, sai ka ce ana kiran kaji. Ban bar shi ya amsa ba, don malanta ta motsa. Na ba shi tarihin jif tun daga tushe: ƙaramar motar sojan Amurka ce a yaƙin duniya na biyu, mai shiga daji da taɓo. Waɗansu sun ce sunan ya fito ne daga haruffa biyu da sojoji ke yi wa motar kowane aiki laƙabi da su, waɗansu sun ce a'a, tsohuwar kalma ce ta barikin soja, har yau ba a daddale ba. Daga Ingilishi ta shigo bakinmu, muka mayar da ita jif, muka kuma raɗa wa duk wata doguwar mota mai shiga daji.

Malam Hamisu ya saurare ni har ƙarshe, ya miƙo mini kofi na biyu. Ya ce shi dai abin da ya sani daga lakol, wato makarantar bokonsu, kat da Faransanci huɗu ke nan, kat-kat kuwa huɗu-huɗu.

Na ce, "Huɗun me da me? Taya takwas gare ta?"

Ya ce wallahi bai taɓa tambaya ba. Rabi da ke tankaɗe daga cikin zaure ta ce, "Ku bari ku isa ga mai abin. Baba shekara talatin yana jan kat-kat ta masu rigakahi, babu ƙauyen da bai shiga ba, ba a taɓa jin ya kahe ba. Amma shi yana da asirinshi."

Na ce wane asiri?

"In ya zo bakin rairai sai shi tsaya shi sauka. Shi durƙusa gaban tayar gaba ta dama, shi ɗora hannu shi yi tohi, shi zagaya ta hagu shi yi. Tun muna yara muke gani. Har mutane na kawo mishi jakkai da amalanke shi tohe musu."

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na ce mota inji ce, ba ta san tofi ba, giya ta sani. Rabi ta ce to, Allah ya kai mu gulbi.

Da sassafe muka kama kwalta muka yi yamma. Abin da ya fi ɗaukar mini hankali a hanyar Agiye shi ne gonakinsu. Mu in za mu yi sharar gona sai mun mayar da ita kamar tafin hannu, su kuwa sai ka ga itatuwa tsaye birjik a cikin gona, gawo da kalgo da sabara, kowanne an sassabe shi an bar masa reshe biyu ko uku ya miƙe. Har an yi shuka a waɗansu wuraren, gero ya fara tsiro. Inna ba gona take kallo ba, sama take kallo ta wajen kudu, inda hadari ya yi gungu tun asuba.

Muna shiga Agiye tayar baya ta sace. Mai facin da muka samu wani dattijo ne mai ƙaramin gemu, ba ya sauri ba ya kuma tsayawa. Ya gama ya ɗaura, sai na ga ya koma gaban motar ya tsuguna yana shafa wata 'yar murɗa da ke tsakiyar tayar, abin da ni a zatona ado ne. Ya ce, "Alhaji, wagga ta yi tsatsa. Yaushe rabonka da taɓa ta?" Rana ta fara zafi, ga Rabi na yi mini dariyar ƙeta, sai na ce masa faci na kawo, ba duba gari ba. Bai ji haushi ba. Ya ɗauko 'yar gwangwanin baƙin mai ya ɗiga a kan kowace, dama da hagu, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ko godiyar kirki ban yi masa ba, kuma har yau abin yana damuna.

Muka wuce Maradi ba mu tsaya ba, muka wuce Tibiri. Daga nan Inna ta fara kiran sunayen garuruwa tun kafin mu iso su, wani ta dace, wani kuma ta ce an matsar da shi. A Gidan Rumji muka tsaya sallar azahar. A bakin masallaci wani mai sayar da igiya ya ji inda za mu, ya ce, "In kuna ƙetarewa ku ƙetare yanzu. An yi ruwa mai yawa wajen Jibiya, an bugo waya an ce gulbi na tahe." Rabi ta ce mu tashi. Ni kuwa na riga na hango mai tsire, ga dogon burodin nan nasu mai kama da sanda da nake son in ɗanɗana. Na ce ruwan da ke Jibiya ba zai riga jif zuwa ba. Na zauna na ci na ƙoshi, na ɓata mana kusan awa guda.

Daga kwalta zuwa bakin gulbi ba nisa. Da muka iso na ga faɗinsa sai na taka birki. Rairayi ne fari fat, sai sawun amalanke, can ƙetare kuma ga rumbuna da wata babbar tsamiya. Inna ta nuna ta da yatsa.

Rabi ta ce, "Sauka ka yi tohin."

Na ce, "Ki zuba ido." Na ja ƙaramar giya, na taka totur.

Mun ci kusan rabi. Daga nan motar ta fara nishi, ta yi gaba kaɗan, ta tsaya. Na ƙara wuta, tayoyin baya suka yi ta juyi suna watsa rairayi sama suna haƙa wa kansu rami, na gaba kuwa ko motsi. Na sa ribas, ta ƙara nutsewa. Manoma biyar da ke dawowa daga shuka suka ajiye kayansu suka tura, muka sa kara, muka sa rassan sabara, duk a banza. Ɗaya daga cikinsu ya amsa waya, ya saurara, ya ce ruwan ya wuce Tibiri. Ya faɗe shi a hankali kamar mai ba da labarin kasuwa, amma na ga sauran sun dubi gabas.

Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokaci ba. Ga tsamiyar garinsu tana kallonmu, ga tsohuwa a kujerar baya da ba ta iya taka rairayi, ni kuma na sayar da awa guda a kan tsire. Rabi ma ta daina tsokana, abin da ya fi tsokanar ciwo. Muna shawarar yadda za a ɗauki Inna a hannu a bar motar, sai ga amalanken shanu ya gangaro daga ƙetare. Wani magidanci ne ke kora shi, a bayansa kuma wani tsoho zaune, siriri kamar kara, an yafa masa bargo a kafaɗa duk zafin nan.

Rabi ta ce, "Baba ne."

Tun kafin su iso muka ji muryarsa, ba ƙarfi amma a sarari. "Wa ke kashe motar ga? Tun daga rumfata nike jin ta, da ƙahwa biyu take ja. A kashe injin."

Na kashe. Aka sauko da shi, na matso zan gaishe shi, ya ce, "Kai na Sani? Gaisuwa na nan, ruwa ba ya jira. Kai ni ga tayar gaba."

Na riƙe hannunsa na kai shi. Ya durƙusa a gaban tayar dama, daidai yadda Rabi ta kwatanta, har ɗaya daga cikin manoman ya ɗaga hannu yana jiran a shafa. Ya lalubi 'yar murɗar nan da mai faci ya ɗiga wa mai. Na ga leɓensa ya motsa, ya murɗa ta, ta ce ƙas. Muka zagaya hagu, ita ma ta ce ƙas.

Rabi ta ce, "Baba, ashe ba tohi kake ba?"

"Bisimilla nike, ɗiyata, kamar kowa. Sauran kuwa kulle na. Mutane sunka ce tohi, ni kau ban ga abin gardama ba." Ya juyo wajen da yake jin numfashina. "An ce kai malami na. Mi ake nuhi da kat-kat?"

Na ce huɗu-huɗu, da 'yar muryata.

"Huɗun farko ƙahwahun da mota ke tsaye bisa. Kowace mota na da su, har ta kai amarya. Huɗu na biyu, waɗanda ke ja. In ba ka sauko ka kulle na gaba da hannunka ba, ko ka ja ƙaramar giya har ta karye, biyu ke aiki, biyu na kallo. Shekara nawa kana hawan ta?"

Na ce uku.

Ya ce, "To yau za ka hau kat-kat."

Ya sa aka kwashe rairayin da ya taru a gaban tayoyin, aka rage wa kowace iska kaɗan. Ya ce in sa giya ta biyu, kada in taka totur kamar ina kashe kunama. Na yi yadda ya ce. Motar ta yi wani irin gurnani da ban taɓa jin ta yi ba, ta ɗago kanta daga ramin, ta taka a hankali har ta hau gaɓar ƙetare. Ni da na ba da tarihin yaƙin duniya a Gazawa, ga shi makaho ya nuna mini abin da ke jikin tayata.

Sai da amalanken ya iso gaɓar, aka sauke Kawu a inuwar motar, sannan ya ce, "To ina Hajo?"

Na buɗe ƙofar baya. Duk abin nan Inna kallonsa kawai take yi. Ya miƙa hannu ya sami kafaɗarta, ya hau zuwa fuskarta, ya bi zanen Gobir da ke kumatunta da yatsa, layi bayan layi, kamar mai ƙirga kunya a gona. Yatsun duk baƙin man mai faci ne, suka bar mata shaida a kunci. Ya ce, "Ke ta." Ta ce, "Ilo, ka tsuhwa." Ya ce, "Ke kau ban gani ba, balle in hwaɗi." Suka yi dariya, dariyar ta koma abin da ta koma. Na zagaya bayan mota na tsaya ina duba tayar da ba abin da ya same ta.

Ba mu kai ga shiga gida ba yara suka sheƙo suna cewa ga gulbi. Na koma na leƙa. Ba da hauka ya zo ba, wani jan ruwa ne mai kumfa yana tafe yana tura kara da busasshen kashin shanu a gabansa. Kafin la'asar sakaliya ramin da tayoyina suka haƙa ya ɓace. Rabi ta kawo wa Inna ruwa da tsumma ta goge man da ke fuskarta, Inna ta ce a bar shi tukuna, sai da alwalar magariba ta wanke shi.

Kwana ɗaya na shirya mu yi, don na bar dalilai masu kyau a Katsina suna jirana. Gulbi ya ba mu goma sha ɗaya. Kullum su biyun suna rumfa daga hantsi har yamma, suna tuno mutanen da duk ƙauyen ba wanda ya san su sai su. Ni kuma Kawu ya sa na kulle na buɗe murɗar nan har hannuna ya saba, ya kuma ja mini kunne in riƙa buɗewa da zarar na hau kwalta, kada in cinye tayoyin. Da ruwan ya janye muka sami mashiga mai tauri muka fito. A Agiye na nemi mai facin nan in ba shi haƙuri, aka ce ya tafi ƙauye shuka.

Kawu Ilo bai ci sabon gero ba. Gero na fitar da kai Rabi ta bugo waya. Da na gaya wa Inna ta yi salati, sannan ta ce, "To, mun dai gana."

Ranar Asabar da ta wuce na tafi gona. Akwai wani ɗan rairayi a mashigar, inda a da nake ajiye mota in ƙarasa da ƙafa. Na tsaya, na sauka, na durƙusa a gaban tayar dama. Maƙwabcin gonata da ke wucewa a kan babur ya rage gudu ya ce, "Malam Sani, tofi ake yi wa motar?"

Na buɗe baki zan yi masa bayanin huɗu da huɗu, sai na tuna wanda nake yi wa addu'a duk lokacin da na ɗora hannu a wurin. Na ce masa, "E, tofi ne." Na zagaya ta hagu.